Yayanku da Muka Bari a Japan

Faisal, kai ka jawo wannan babi, don haka kai za ka fara karanta shi kafin ka miƙa wa ƙanwarka Maryam. Ranar da aka rushe gidanmu na unguwar Karantina a Jidda, muna zaune a kan katifu a bayan motar da za ta kai mu unguwar Khumra, Ummanku tana gaba kusa da direba, ka dube ni ka amayar da maganar da na san ka daɗe kana haɗiyewa.

"Abuya, wallahi ni ban gane maka ba. Mutum yana Japan, yana ustaz, da iƙamarsa ta zaman ƙasa da mutuncinsa, ya tattara ya dawo Karantina? Leish? Don me? Da yanzu mu ma muna da takardu kamar mutane."

Abin da na ce maka kawai shi ne ka riƙe firjin nan kada ya faɗo. Ka ɗauka ba ni da amsa. Ina da ita, sai dai ba tawa ba ce ni kaɗai. Ummanku Halima ta sa na yi mata alkawarin ba zan ba ku labarin nan ba muddin tana numfashi, don ta ce ba za ta iya jin sa daga bakin kowa ba. Yau shekararta biyu a ƙasa, Allah ya haskaka kabarinta, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. Gara ku ji daga bakina.

Kun san a Karantina aka haife ni, kun san kakanku ya tura ni Kano wurin ƙanensa, na yi boko har na zama malamin Turanci. Abin da ba ku sani ba shi ne da gardama na cika takardar neman aikin Japan, don wani abokina ya rantse ba za su ɗauki ɗan Afirka ba. Suka ɗauka. Na biyo ta Jidda aka ɗaura mini aure da Halima, 'yar maƙwabtanmu, muka kama hanya ina ta cika mata baki da labarin benaye da fitilu. Muka sauka daga jirgin sama muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka shiga wani ƙarami, sannan wata bas mai fasinja huɗu ta yi ta hawan duwatsu da mu har Halima ta daina magana. Inda aka ajiye mu gonakin shinkafa ne, da rafi, da gidaje 'yan kaɗan a gindin dutse. Ta duba gabas ta duba yamma.

"Ya Usman, wai an yi annoba ne a garin nan? Ina mutanen?"

Shirun ne ya fara razana mu. Mutumin da ya tashi a Karantina, inda rediyon maƙwabci da kukan yara da mai tallan balila ke shiga ɗakinka ba sallama, sai ga shi a wurin da yake jin ƙarar ruwan rafi daga banɗaki. Ko alƙibla ta juya mini. Duk rayuwata gabas nake kallo in yi salla, a can kuwa sai na juya wajen faɗuwar rana, har na yi wata guda ina ji kamar na ba Ka'aba baya.

Makarantar ma kullum da abin da zai sa in saki baki. Ranar farko na tarar da wani dattijo a durƙushe yana goge matakala da tsumma, na wuce shi da ɗaga hannu irin wanda ake yi wa mai shara. Da aka kai ni ofishin shugaban makaranta, sai ga dattijon nan ya shigo yana wanke hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe babu mai shara a makarantar, yara da malamai ke yi, kowace rana bayan abinci. Takalmi uku nake sawa a yini, na waje da na aji da na banɗaki, kuma ranar da na shiga aji da na banɗaki yara suka yi dariya har da hawaye. 'Yan ƙananan kuma su kama hannuna su murza da yatsa su duba ko baƙin zai fita. Abokiyar aikina, Malama Aoki, wadda muke shiga aji tare kuma take yi mini tafinta, sai ta yi ta ba ni haƙuri fuskarta ta yi ja. Na ce ta ƙyale su, in ya fita ni ma ina son gani.

Gidan da aka ba mu na wani tsohon manomi ne, Mori, wanda aikin gona ya tanƙware masa baya har in zai gaishe ka ba ya buƙatar ƙara sunkuyawa. Shi da matarsa suna gida na gaba, ɗansu ɗaya ya tafi birni ya manta hanya. Ummanku ta ce ba za ta kira sunan tsohuwa gatsal ba, ta sa mata Hajiya. Babu mai jin yaren wani, amma sai in dawo in tarar da su a tsugune suna gyaran wake suna dariya. Da safe mu buɗe ƙofa mu ga kabeji ko farin karas mai kaurin damtse, ba mu san wanda ya ajiye ba. Halima ta ƙi dafawa kwana uku, ta ce a Karantina in ka ga abu a bakin ƙofarka da safe, malam ake kira.

Abin da ya fi ba ni haushi a unguwar shi ne allo. Gida goma sha tara ne, kuma suna da wani allo da ake manna sanarwa a kai, yana zagayawa gida gida. In ya zo maka ka karanta, ka buga hatimin sunanka da jan tawada, ka kai gida na gaba da ƙafarka. Ni ma an sassaƙa mini hatimi. Na ga abin kamar wasan yara, na jefa allon ƙarƙashin littattafan da nake dubawa, ya yi mako guda. Ashe sanarwar aikin gayya ce ta yashe magudanar ruwan gonaki, gida tara da ke bayana ba su samu ba. Na shirya wa faɗa, don a Karantina da an taru a ƙofata. Sai ga Mori ya zo shi kaɗai da hularsa a hannu, yana ba ni haƙuri wai laifinsa ne da bai yi mini bayani da kyau ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar allo bai ƙara kwana a gidana ba, kuma duk aikin gayya ni ne na farko a cikin taɓo.

Da kaka ta yi aka gama girbin shinkafa, Hajiya ta faɗi a gona, kafin a kai ta asibiti ta cika. Halima tana da ciki wata shida a lokacin, ta yi kuka kamar uwarta ce. Na sa baƙar kwat na tafi rakiyar gawa ni kaɗai. Na karanta a littafi cewa suna ƙona matattu, amma na ajiye abin a inda mutum ke ajiye labaran littafi. Da aka ce mu shiga mota, a raina maƙabarta za mu. Sai aka tsaya a wani gini mai tsabta kamar asibiti. Aka tura akwatin cikin wata ƙofar ƙarfe, Mori ya danna wani maɓalli da yatsansa, na ji wani gurnani ya tashi a bayan bangon. Sai a lokacin na gane. Aka kai mu wani ɗaki aka zuba mana shayi, mutane suna hira ƙasa ƙasa, ni kuwa ina ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Na ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Aka sake kiran mu, aka jawo wani faranti mai tsawon mutum, zafinsa yana dukan fuska. Ga Hajiya nan, matar da ta koya wa Ummanku dafa kabewa, ta zama fararen ƙasusuwa a jere daga ƙafa zuwa kai. Aka raba dogayen tsinkaye irin na cin abincinsu. Al'adarsu ita ce mutum biyu su kama ƙashi ɗaya tare, kowa da tsinkensa, su sa a cikin tulun tangaran. Ɗan Mori ya kama da matarsa. Mori ya tsaya ba abokin kamawa, ya waiwaya, ya miƙo mini tsinke.

'Ya'yana, ban san hukuncin abin da na yi ba a lokacin, kuma na yi istigfari a kansa shekaru da yawa. Na dai ga tsoho yana miƙo mini hannu. Na karɓa. Muka ɗaga wani ɗan ƙashin ƙafa, ba shi da nauyin komai, muka sa a tulu. Na fita da sauri na zagaya bayan ginin na yi amai har na durƙusa. Na wanke bakina a famfo na koma na tsaya kusa da shi har aka rufe tulun. Da na dawo gida Halima ta tambaye ni ko an yi mata kabari mai kyau, na ce mata an yi.

Wata biyu bayan haka, dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu, naƙuda ta zo wa Ummanku kafin lokaci. Ta haifi namiji. Na yi masa kiran salla a kunne ta cikin gilashin da aka sa shi, na ce sunansa Ibrahim. Faisal, ba kai ne na fari ba. Yayanku ya yi kwana biyu a duniya, a safiya ta uku ya koma.

Malama Aoki ta raka ni ofishin gari don karɓar takardar mutuwa. Ma'aikacin mutum ne mai kirki, ya tashi tsaye ya sunkuya mini, ya ce don ya rage mini wahala har ya samo mini lokaci a gidan ƙona gawa, jibi da hantsi. Sannan ya buɗe wani littafi ya nuna mini hoton tulun jarirai, ɗan mitsitsi kamar kofin shayi, wai in zaɓi launi. Ban san na yi ihu ba sai da na ga kowa a ofishin ya miƙe. Na yi Hausa, na yi Larabci, na buga tebur. Malama Aoki ta riƙe hannun kwat ɗina tana cewa in zauna. Da na zauna na ce ta gaya masa mu binnewa muke yi, a ƙasa, kuma yau ya kamata. Mutumin ya dube ni da irin kallon da na yi musu a gidan ƙona gawa. Ya ce shekararsa ashirin a kujerar nan bai taɓa rubuta izinin binnewa ba.

Na buga waya duk inda na sani. Akwai maƙabartar Musulmi, amma a can wani ɓangaren ƙasar, hanyar dutse kuma ƙanƙara ta toshe ta, kuma ba wanda ya iya gaya mini ranar da za a buɗe. Jidda ba ta yiwuwa, jariri ba fasfo, ni kuma iƙamata ta nan ta daɗe da mutuwa. Asibiti suka ce ba su da wurin ajiye shi fiye da kwana uku. Na koma wurin Halima, na zauna a bakin gadonta, dole na gaya mata gaskiyar abin da aka yi wa Hajiya. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe wuyan rigata da hannu biyu.

"Ya Usman, isma', saurare ni. In suka sa wa ɗana wuta, ka ce su haɗa da ni. Wallahi ba zan fita daga ɗakin nan da ƙafata ba. Ka tona da farcenka in ya kama."

Na dawo gida da la'asar na tarar da Mori zaune a bakin ƙofata, Malama Aoki ta riga ta ba shi labari. Ya nuna dutsen da ke bayan unguwa da haɓarsa. Ya ce akwai tsohuwar maƙabarta a can sama, ubansa da kakansa duk a ƙasa suke kwance, kuma yana saurayi yana cikin masu haƙa. An daina ne kawai da aka gina gidan wuta. Washegari da sassafe ya sa kwat ɗin da ya sa a jana'izar matarsa, muka koma ofishin gari mu uku. Ma'aikacin ya kwaso tsofaffin littattafai ya yi ta bincike har azahar, ya ɗago kai da mamaki ya ce babu dokar da ta hana, wurin har yanzu maƙabarta ce a rubuce. Amma ta unguwa ce. Sai kowane gida ya buga hatimi, ko ɗaya ya ƙi, babu magana. Ya rubuta takardar, Mori ya manna ta a kan allon nan da na raina.

Allon kan yi kwana huɗu kafin ya gama zagaye, mu kuwa yini ɗaya ya rage mana. Mori ya ɗauke shi da kansa. Tsoho mai tanƙwararren baya yana gaba cikin ƙanƙara, ni ina binsa, Malama Aoki tana bayana, ita da ba ta taɓa barin aji ba. A kowane gida sai a cire takalmi, a durƙusa, a yi bayani tun daga farko. Wasu su buga nan take suna hawaye. Wasu sai sun sake karantawa, sannan su tashi su ɗauko hatimi. Wani ya tambaya ko namun dawa da birai ba za su tono shi ba, Mori ya nuna masa zurfin ramin da hannunsa a kan ƙirji. Kafin rana ta yi ja muna da goma sha takwas.

Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ne da ke gindin dutsen, rijiyarta a bayan ɗaki. Ta karanta takardar sau biyu ta ture allon. Ta ce ruwan dutsen nan take sha, kuma in aka buɗe wa baƙo ɗaya, gobe wasu za su zo da nasu. Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Na buɗe baki zan yi roƙo, Mori ya ɗora hannu a gwiwata. Ya yi magana a hankali, Malama Aoki tana raɗa mini.

"Ranar da aka ƙona matata kina wurin. Kin ga wanda ya kama ƙashinta da ni. Addininsa bai san wannan ba, na ga fuskarsa. Ya fita ya yi amai a bayan gini, ya wanke baki ya dawo ya tsaya. Ya yi namu da hannunsa. Yau shi yake neman nasa."

Ashe ya gan ni. Tsohuwar ta jawo allon gabanta. Sannan ta ce a ba ta alƙalami, ta rubuta layi ɗaya a ƙasan takardar, ta hura wa hatiminta iska ta danna. Na tambayi Malama Aoki abin da ta rubuta. Ta ce, "Wannan yaron kaɗai, ba wani bayansa."

Da gari ya waye na wanke Ibrahim da hannuna a cikin kwanon da Ummanku ke kwaɓa fulawa. Babu likkafani a garin, sai na ɗauko haramin da na yi umra da shi kafin mu taho, na yanka da almakashi. Na rungume shi a cikin kwat ɗina muka hau dutse. Na tarar da tsofaffi biyar sun riga mu, sun share ƙanƙara, sun haƙa rami zagayayye kamar rijiya, don nasu na da a zaune ake binne su. Na karɓi shebur na nuna musu a kwance muke binnewa, rami dogo, da ƙaramin rami a ciki, fuska tana kallon faɗuwar rana. Ba wanda ya yi musu. Mori ya sare gora ya tsattsaga, da ita muka rufe ƙaramin ramin. Na tsaya na yi kabbara huɗu ni kaɗai, liman ni, mamu ni. A Harami na saba ganin dubban mutane a kan gawa ɗaya, ɗana kuwa bai samu ko mutum biyu ba. Da na yi sallama na waiwaya, sai na ga tsofaffin sun jeru a bayana, huluna a hannu, ƙanƙara tana sauka a kan furfurarsu. A nan ne na fashe da kuka.

Da bazara ta zo shugaban makaranta ya kira ni, ya ce yara suna so na, garin yana so in zauna, za a sabunta mini aiki har iya shekarun da nake so. Na dawo gida da murna a fuskata, ba zan ɓoye muku ba. Ina son aikin nan. Ina son yaran da ke murza mini hannu. A can ne kaɗai a rayuwata na shiga wuri mutane suka miƙe tsaye. Halima tana shanya, ta saurare ni har na gama, ba ta juyo ba.

"Mabruk. To in na sake haihuwa ya koma fa? In ni ce? In kai ne, wa zai bi gida goma sha tara, ni da ba na jin yarensu? Ka karanta abin da tsohuwar nan ta rubuta. Mori kuma ya kusa tamanin. Halas, ya isa haka, ya Usman. Ka kai ni inda in na mutu za a sa ni a ƙasa ba sai an roƙi kowa ba."

Na yi mako biyu ina juya maganarta. Na kai takardar ajiye aiki. Ranar da za mu tafi muka hau dutsen tare, karo na farko da na ƙarshe da ta ga kabarin. Ta zauna a ƙasa ta shafa shi kamar tana lallashin yaro ya yi barci. Sai da Mori ya taɓa agogonsa sau biyu sannan ta tashi.

Sauran kun san shi, don a kanku ya ƙare. Ta ce Kano ba garinta ba ne, wurin uwarta take so. Muka shigo da bizar umra muka zauna, da niyyar in sami kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mini, in gyara takardu cikin wata shida. Wata shidan nan har yau bai cika ba. Malamin da ake miƙe wa tsaye ya koma ɗaukar kwali a sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, yana laɓewa in ya hango motar jawazat, jami'an shige da fice. Kai Faisal ka fi kowa kai a lissafi, makaranta ta tsaya maka a inda takarda ta tsaya. Ke Maryam na ga ranar da kika dawo daga neman aiki kika shiga banɗaki kika daɗe. Duk na gani. Ban ce na yi daidai ba, kuma ba zan ɗora wa Ummanku ba, don ni na sa hannu a takardar. Na zaɓa muku kabari tun ba a haife ku ba, kuka biya da rayuwarku. Ku yafe mini.

A ƙasan akwatin Ummanku, cikin jakar filo, akwai takardar nan mai hatimi goma sha tara, da sunan garin a rubuce da Turanci a bayanta. Akwai kuma hotuna. Kowace shekara Mori yana aiko da ɗaya ta adireshin wani mai shago a Karantina, kabarin a share, an cire ciyawa. Na gaya masa mu ba ma ajiye wa mamaci abinci ko turare, ya kiyaye. Amma a wani hoton akwai 'yar ƙaramar motar wasa ja a gefen dutsen, shekarar da Ibrahim zai cika biyar. Na ƙyale shi. Da Mori ya mutu Malama Aoki ta ci gaba da aikowa, ta rubuta cewa unguwa ta sa kabarin cikin jerin aikin gayya, yana zagayawa a kan allo, kowane gida da shekararsa. Hoto na ƙarshe ya zo kafin a rushe shagon. Yanzu ko ta aiko, babu inda zai sauka.

Makon jiya na sa wani ya bi da ni ta Karantina a mota. Na kasa gane inda ɗakin da aka haife ku yake, fili ne fetal. Gidan da muka shekara ashirin da wani abu a ciki ba ko tubali, yaron da ya kwana biyu a duniya kuwa yana da wurinsa, ana share masa.

Ranar da Ummanku ta rasu, Faisal, kai ka shiga kabarin tare da ni. An yi mata salla da la'asar, kafin magariba tana ƙasa, sahu ya kai har bakin ƙofar masallaci, ba mu ƙwanƙwasa gidan kowa ba. Ka tuna da muka fito ka tambaye ni me ya sa nake murmushi a maƙabarta. Abin da ta roƙe ni ke nan a bakin igiyar shanya, na cika mata.

In Allah ya ba ɗayanku fasfo, ya je. Ya ɗauki takardar, ya sayi dabino mai kyau ya ƙulla kashi goma sha tara. Ya fara da gidan da ke gindin dutse, mai rijiya a baya, ko da jikokinta ne a ciki. In ya hau sama ya yi wa yayansa sallama da Hausa, ya gaya masa Umma ta riga mu zuwa.